"Na Ci," In Ji Iya

Sai da na shekara bakwai da aure kafin na ga Iya, mahaifiyar maigidana, ta kai loma bakinta. Ko ruwa za ta sha, sai ta juya mini baya ta ja mayafi. Ni ma in ina cin wani abu na ji takunta, sai in kife kwano in goge baki. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan. Na tashi na tarar surukai ba sa ganin lomar juna, na bi.

Mun dawo Lafia daga Jos bayan an ba mu jiha, lokacin da aka maido ma'aikata gida. Muka kama haya, ɗaki uku a jere, da rijiya da mangwaro ɗaya a tsakar gida. Iya tana Awe, garinsu, ta ce ba inda za ta. Sai da ƙishirwa da rama suka kayar da ita aka ɗauko ta, likita ya ce ciwon suga ne. Ta zo da akwatin ƙarfe, da butarta, da tabarmi biyu, da ƙullin gishirin garinsu, don ta ce na kanti ɗaci ne da shi. Aka ba ta ɗakin ƙarshe.

Likita ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya ce a ci abinci a kanta. Maigidan ya ɗauki maganar ƙwayar da hannu biyu. Kullum kafin ya hau babur zuwa ofis sai ya durƙusa a ƙofarta, ya miƙa mata, ya ga ta haɗiye. A ranar farko kuma ya tattara sukarin gidan kaf ya bayar, ya ce ko ƙwaya ɗaya kada ya sake gani. Na ce to. Amma ni mai son shayi ce, kuma Allah ya sani na ɓoye kwali ɗaya na mai ƙwaya a cikin kwallar da ke can ƙasan jerena. Duk sanda na ɗauki ɗaya sai in ji kamar na yi sata.

Abinci kuwa nawa ne. Na ɗauko tsohon littafina na makaranta, na ja layi a bayansa na tsara mata na mako. Faten acca da zogale ranar Litinin. Alale ranar Talata. Wata rana doya 'yar kaɗan da wake mai yawa, wata rana kunun gyaɗa ba zaƙi. Na rage manja, na ƙara ganye. Ina alfahari da wannan takarda, har na manna ta a bangon kicin da ƙullun fulawa.

Iya ba ta karyawa sai ta gama laziminta, lokacin maigidan ya tafi, yara sun tafi makaranta. Sai in kai kwano in ajiye a bakin labule, in gaishe ta, in koma. Bayan wani lokaci in dawo in tarar da kwanon a waje, an suɗe shi tas.

"Iya, an karya?"

"Na ci. Allah ya yi albarka."

Haka muka yi wata biyu, ban ga komai ba.

Ranar da na fara ji, ina zaune a gindin mangwaro ina tsintar wake. Hantsi ya ɗaga, inuwa ta janye daga bakin rijiya. A irin wannan lokacin unguwarmu shiru take, sai kukan kurciya da injin niƙa can nesa. Sai na ji muryar yarinya daga ɗakin Iya. Na zaci 'yar maƙwabta ce ta shigo ban gani ba.

"Yaya, matso daga bakin ƙofa, rana za ta dake ki."

Aka yi shiru, daidai tsawon da mutum zai ba da amsa. Sannan yarinyar ta yi 'yar dariya.

Na ajiye tire na je na leƙa ta gefen labule. Ba kowa sai Iya. Tana zaune a kan tabarmarta ta miƙe ƙafafu kamar ƙaramar yarinya, zufa tana ɗiga daga haɓarta alhali safiyar da sanyi, an kwana ana ruwa. Hannayenta suna rawa a kan cinyarta. Ta shimfiɗa tabarma ta biyu a gabanta, tana kallon sama da ita kaɗan, inda fuskar mutum za ta kasance in yana zaune. Muryar nan daga bakinta take fitowa.

Na san tabarmar nan. Ta daɗe a naɗe, in aka shimfiɗa ta sai bakinta ya naɗo, dole a danne da buta ko a zauna a kai. A ranar na gan ta kwance lamo, ba abin da ke kanta.

Na koma gindin mangwaro ina karanta Ayatul Kursiyyu, waken ya zube ban san ya zube ba. Na yi Islamiyya, na san ko da matacce take gani, wanda ya mutu ya tafi ke nan. Amma ban sake leƙa ɗakin ba. Da azahar ta matso na kai mata tuwo, ta amsa da ƙyar. Bayan rabin awa ta fito alwala, Iyar da na sani, har tana yi mini faɗa na bar guga a ƙasa.

Washegari haka. Jibi haka. Ba ya wuce lokacinsa. Da inuwa ta bar bakin rijiya sai muryar ta fara. Wani lokaci hira ce ta tukwane da itacen da bai bushe ba. Wani lokaci roƙo ne: "Ki ci mana, Yaya. Don Allah ki ci." Wannan ya fi tayar mini da tsigar jiki. Na daina zama da bayana a ɗakin. Na koma tsintar wake a kicin, da rediyo a kunne.

Na gaya wa maigidan. Ya kawo rubutu da turaren hayaƙi, muka yi ta tofi. Iya ta sha rubutun ba musu, ta ce ita dai lafiyarta ƙalau. Wata rana bayan magariba, yana cin tuwo, ya ce mini:

"Kin ce Yaya take kira?"

"Yaya."

"Ta yi wata yaya. Ni ban san ta ba, tun Iya tana 'yar shekara takwas ta rasu. Marayu ne su biyu. Yayar ce ke zuwa aikin gishiri, ta tace, ta dafa, a ba ta ɗan abin da za su ci. Aka yi wata shekarar yunwa. Duk abin da ta samo sai ta ajiye wa Iya, ta ce ita ta ci a can wurin aiki. Wata safiya ta zauna a gindin tukunya, ba ta tashi ba." Ya wanke hannu. "Daga bakin wata gwaggonmu na ji. Iya ba ta taɓa yin zancen ba."

Akwai maƙwabciyarmu, katanga ce tsakaninmu, wata nas ce 'yar ƙabilar Eggon, kowa Sista yake ce mata. Hausarta irin ta kasuwar Lafia ce, kowa namiji ne a bakinta. Ranar da ba ta da aiki ta shigo aron turmi da hantsi, ta ji muryar. Ba ta tsorata ba. Ta ɗaga labule ta shiga kai tsaye, ta taɓa goshin Iya, ta riƙe wuyan hannunta, ta fito ta ja ni kicin.

"Uwargida, Mama ya ci abinci da safe?"

"Ta ci."

"Ka gani da ido naka?"

"Sista, ya za a yi in tsaya a kanta tana ci? Kwano dai yana dawowa ba komai."

"Kwano ba ya magana. Mama ma ba zai faɗa maka ba." Ta dubi takardata a bango, ta karanta, ta gyaɗa kai. "Wannan ya yi kyau. Amma bango ne yake ci."

Ta sa na dama kunu nan take, ita ta kai, ta tsaya har Iya ta sha, don ita ba suruka ba ce, ba kunya tsakaninsu. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce ƙwayar nan aikinta take yi ko akwai abinci a ciki ko babu. In babu, sai ta yi ta jan sugan jini ƙasa, mutum ya yi zufa, jiki ya yi rawa, ya fara ganin abin da ba kowa ke gani ba.

"In ya wuce nan fa?"

"In ya wuce nan zai kwanta, kuma ba kowa ne yake tashi ba. Ka ji ni da kyau. In ka ga zufa da rawan jiki, kuma yana iya haɗiye, ka jiƙa suga ƙwaya huɗu a ruwa ka ba shi. Bayan nan abinci. In ido ya rufe ba ya amsa, kar ka zuba komai a baki, ka nemi mota."

"Suga? Ai shi ne ciwon."

"Shi ne ciwon. Amma a wannan awa shi ne magani. Ku koma wurin likita, ku faɗa masa."

Washegari na ajiye kwano kamar kullum, na koma kicin na tsaya a bayan taga. Allah ya yafe mini leƙen. Iya ta fito a hankali da kwanon a ƙarƙashin mayafi, ta zaga bayan ɗakinta, inda katanga ta ɗan zube. Na bi ta daga nesa. Akwai wata ƙwarya a kan dutse. Ta juye abincin a ciki, ta suɗe kwanon da yatsa ta goge a bakin ƙwaryar, ta kwance gefen zanenta ta barbaɗa gishirin garinsu a kai. Ta ce, da muryarta ta manya, a hankali, "Ga naki."

Bayan ta koma ɗaki awakin maƙwabta suka shigo ta wurin zubewar. Na ji daɗin ganin awakin nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Daga baya na haɗa lissafin abin da kaina. Wataƙila wata safiya accan bai yi mata daɗi ba ta zubar, ga ƙwaya a ciki, sai ta ga wadda ta gani. Da ta gan ta da yunwa, washegari ta ajiye mata nata. Rashin cin ya sake kawo ta. Kullum sai ta zo, kullum sai a ajiye mata.

Maigidan ya je ya durƙusa. "Iya, ana karyawa kuwa da safe?"

"Na ci."

Ya fito ya dube ni, na dube shi. Wa zai ce wa uwarsa ba ta ci ba, bayan ta ce ta ci? Ya ce ranar Alhamis ce ranar ganin likitanta, zai nemi izini ya kai ta. Ƙwayar kuma tsoron dakatar da ita yake. Ya ce in riƙa kai mata kunu da wuri. Na kai ranar Litinin, ta ce in ajiye. Na ajiye na fita, kamar yadda na saba.

Ranar Talata aka tashi da ruwa, irin mai sauka tsaye ba iska. Sista tana wurin aiki. A lokacin wayar hannu ba ta zo gidanmu ba. Babu rana, babu inuwar da zan duba, sai agogon bango. Goma da rabi ta yi, ina jiran muryar. Sha ɗaya saura kwata. Sha ɗaya. Na kashe rediyo. Ba abin da nake ji sai ruwa a kan kwanon rufi.

Kwana da kwanaki ina tsoron muryar nan. A ranar na gane shirun ya fi ta.

Na yi sallama sau uku ba a amsa ba, na ɗaga labule na shiga. Iya ta zame ta jingina da bango, kanta ya karkata, rigarta ta jiƙe sharkaf. Na taɓa hannunta, sanyi kamar randa. Kofin kunun da na kawo yana kan tabarma ta biyu, an rufe shi da faifai, ya daskare. Idanunta a buɗe suke, suna motsi.

Na ruga ɗakina, na ture jeren kwanonin da nake tattali tun aurena, na zaro kwalin nan. Ƙwaya huɗu a kofi, ruwa, na juya da yatsa. Na dawo na durƙusa a gabanta. Babu wurin durƙuso sai kan tabarmar. Na ji ta a gwiwoyina, ba sanyi kamar simintin ɗakin.

"Iya, sha wannan."

Ta kalli wajena. Leɓunanta suka motsa, ƙaramar muryar ta fito da ƙyar.

"Yaya."

Ban taɓa amsa sunan da ba nawa ba, balle na wadda ke kabari. Amma idanunta sun fara lumshewa, kuma na tuna abin da Sista ta ce game da ido in ya rufe.

"Na'am," na ce.

"Kin jiƙe."

"Ba komai. Sha."

Ta kawar da kai. "Ke sha. Naki ne."

"Na ci," na ce. "Na ƙoshi. Ke sha."

Da ma ban faɗa ba. Fuskarta ta yamutse kamar ta yaron da aka yi wa alkawari aka saɓa. Ta datse haƙora, ta cikinsu maganar ta fito.

"Haka kika ce wancan karon."

Ruwa yana ta zuba. Na duba ƙofa, ba mai zuwa. Na gane duk abin da zan faɗa an riga an faɗa mata shi shekara sittin da suka wuce, kuma ta yarda, kuma ta ga abin da ya biyo baya. Magana ba za ta yi ba.

Na yi bismilla na ɗaga kofin, a gaban uwar mijina, fuska da fuska, ba mayafi, na kurɓa. Na haɗiye da ƙarfi yadda za ta ji. Na sake kurɓa. Tana kallo, ba ta ƙifta ba.

"Kin gani? Na sha nawa. Saura naki."

Ta buɗe baki. Na tallafe kanta ina ba ta kaɗan kaɗan, ina jiran kowane haɗiya kafin in ƙara. Da ya ƙare na sake jiƙa wasu, don na shanye kusan rabi. Na zauna ina riƙe da hannunta ina salati. Ban san minti nawa ba. Rawar ta lafa. Ɗumi ya fara dawowa tafinta. Can ta ɗaga kai ta dube ni sosai, ta dubi kofin, ta lalubo mayafinta.

"Ke, me kike yi a nan?"

"Alale na kawo miki, Iya."

Na je na ɗauko sauran alalen safe. Ban ajiye a bakin labule ba. Na shiga na zauna, na sa kwanon a tsakaninmu, na gutsura na ci. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sa hannu.

Da ruwa ya tsagaita na aika aka kira maigidan, ba mu jira Alhamis ba. Likita ya rage ƙarfin ƙwayar, ya ce kada a ƙara ba ta sai abinci yana gabanta, kuma a raba mata cin kaɗan kaɗan, kada a bar tazara mai tsawo. Ya ce ko azumin nafila ma ta haƙura da shi, Allah ya ga niyya. Ya ce a ajiye sukari inda hannu zai kai. Maigidan da kansa ya sayo kwali ya ɗora a kan tagar Iya. Bai tambaye ni inda na samo na ranar ba, ni ma ban faɗa ba.

Na cire takardar bango na sake wata. Abincin bai canza sosai ba, lokutan ne suka ƙaru. Karin safe tare da ƙwaya. Da hantsi, kafin inuwa ta bar rijiya, ɗan abu: dafaffiyar gyaɗa, ko ƙwai, ko ƙosai biyu da rabin lemu. Tuwon dawa da miyar ganye da rana. Wani ɗan abu bayan la'asar. Kuma kowanne kwano ɗaya ne, hannu biyu. In ban ci ba, ba ta ci. In na ce na ƙoshi, sai ta janye hannunta ta naɗe. Na yi ƙiba a shekarar nan har zannuwana suka daina zagayowa.

Matan unguwa sun yi magana, wai na zubar da kunya. Iya ma ba ta bar ni ba.

"Ashe haka kike loma? Shekara bakwai ina tausayinki, na zaci ba kya ci."

"Iya, ke ce kike tura mini babban yanki."

"To in na bar shi a gabana ma hannunki zai zo."

Muryar ba ta sake dawowa ba. Ƙwaryar bayan ɗaki ta cika da ruwan sama, daga baya ta fashe. Tabarma ta biyu ta zama tawa. Iya ta ƙara shekara shida a gidanmu, kuma ba sugan ne ya ɗauke ta ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Na yi istigfari a kan "na'am" ɗin nan ba adadi, amma ina ganin haƙƙinta ne ma, na yaudare ta da sunan 'yar'uwarta a lokacin da ba ta cikin hankalinta. Wata rana da hantsi, kamar shekara biyu bayan abin, muna ɓare gyaɗa a ɗakinta, na ce:

"Iya, ina neman gafara. Ranar da aka yi ruwan nan, kin kira wani suna na amsa. Ba nawa ba ne."

Ba ta ɗago ba. Ta murje ɓawon a tafinta ta hure.

"Na sani. Ai na san ke ce."

"Kin san ni ce?"

"Yo ban san matar ɗana ba? Ga ki da ɗankwalin nan naki mai ruwan ƙasa."

"To amma kin ce Yaya."

"Ba da ke nake ba. Tana bayanki a tsaye, ruwa yana ɗiga daga zanenta. Ke kika yi ta amsawa a madadinta." Ta jefa gyaɗa a baki ta tauna a hankali. "Da kika kai kofin baki sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Kika ƙara, ya ƙara motsawa. Na ce to, yau kam ta ci."

Inuwa ta bar bakin rijiya, na sani ko ban duba ba. Ƙofar tana bayana, labule yana taɓa mini kafaɗa kaɗan kaɗan. Ban waiwaya ba.

Iya ta turo kwanon wajena da yatsa.

"Ci mana, kin tsaya kallona."